Ranar da na yi wa motata kitso

Motata Honda Accord ce ƙirar 2003, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa End of Discussion. Ni dai a hannuna maganar ba ta taɓa ƙarewa ba. Na rage mata tsawo har tana gaisawa da kowane tudun kan titi, na sa mata faffaɗan tayoyi da salansa mai tayar da jariran unguwa. Da zafin Afrilu ya sauka a Kano, sai giya ta fara gardama a cunkoson titin Zariya: in taka totur, ita kuma ta tsaya tunani.

Bakanikena ya zaro sandar awon man giya ya shinshina, ya yamutsa fuska. Man yana nan da jansa, amma ya fara duhu, yana ƙauri. Ya ce, "Alhaji, zafi ne. A ƙara mata ƙaramin lagireton man giya a gaban babban, a ja da baƙin tiyo na mai da kilif huɗu. Duk akwai a Ƙofar Ruwa. Kafin la'asar na gama."

Da na ji shawara, da ba ku sami labari ba. A daren na faɗa YouTube, na ga Amurkawa suna ɗaura wa motocinsu wani tiyo mai rigar zaren ƙarfe, an kitse shi tsaf kamar kan amarya, bakinsa da kawuna shuɗi da ja suna walƙiya. AN ake kiran kawunan, tsari ne da sojojin ƙasa da na ruwan Amurka suka fitar tun zamanin yaƙin duniya na biyu don jiragen sama. Na ce abin da ya riƙe jirgi ai ba zai gaza a Hotoro ba. Lambarsu tana nufin kashi nawa ne cikin 16 na inci. Yawancin masu wannan aiki lamba 6 suke sa wa, ni kuwa na yi odar lamba 8, rabin inci, don ban saba a fi ni ba.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko zarton yankan ƙarfe. Ja uku na yi, bakin tiyon ya tashi kamar bushiya ta ga kare. Ɗaruruwan siraran wayoyi suka miƙe, kowace tana neman yatsa. Na yi ƙoƙarin cusa su cikin noti, su kuma suka cusa kansu ƙarƙashin farcena. Uwargida tana tankaɗe a gefe, ta ɗago ta ce, "Maigida, wa ya taɓa yanke kitso bai ɗaure bakinsa ba?" Ta miƙo min salatif. Na koma bidiyon a ɓoye, ashe abu na farko da Baturen ya yi ke nan: ya naɗe wurin tam, ya yanka ta tsakiyar salatif ɗin. Ni na tsallake wurin ne don ina sauri in ga walƙiya.

Da azahar yatsuna shida na ɗaure da filasta, tiyo mita uku ya koma biyu da 'yan kai. Nan na lura kai guda ya ɓace. Maƙwabcina mai gyaran firji ya ba ni na tagulla, ya shiga notin lafiya lau, don a lamba 8 zarensu ɗaya ne. Abin da ban sani ba, bakin na firji an karkata shi digiri 45, na AN kuwa 37. A wannan baki ne ƙarfe ke sumbatar ƙarfe ya hana yoyo, ba a zare ba. Duk da haka na lafta masa farin zaren masu gyaran famfo har ya yi rawani.

Saura in gane bututun da mai ke fitowa daga giya, don ƙa'ida ita ce ya bi ta babban lagireto, ya ratsa ƙaramin, sannan ya koma. Dabarar mai sauƙi ce: a cire tiyo, a tara bokiti, a tayar da inji na ɗan lokaci. Na sa ƙanena a kujerar direba, na kwanta ƙarƙashin mota cikin farar jallabiya, na saita baki ɗaya a bokiti. Na ce, "Tayar!"

Ta ɗaya bakin ya fito.

Na yi ta ihun "Kashe! Kashe!" amma salansar da na saya da kuɗina ta haɗiye muryata. Ƙanena ma ya ɗauka cewa nake ya ƙara wuta. Da na rarrafo waje, ja jawur nake tun daga gemu har gwiwa. Daidai lokacin wata dattijuwa maƙwabciya ta yi sallama neman aron rariya. Ta dube ni, ta dubi mota, ta ɗora hannu a ka ta kurma salati. Kafin in ce mai ne, zaure ya cika, wani har ya tsayar da adaidaita sahu. Na ɗaga hannu in rantse ba jini ba ne, filasta shida suka ƙaryata ni.

Bayan magariba na haɗa komai. Kan tagullan yana ɗiga, ɗis, ɗis, na ce gumi ne. Mako biyu na yi ina buɗe bonet a majalisa ko ba a tambaye ni ba. Ran nan a Kabuga allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe. Ashe kitson ƙarfe, in yana gugar abu inji na girgiza, zarto ne. Ya ci tiyon ruwan lagireto a hankali har ya huda shi.

Da igiya aka ja ni zuwa gareji. Bakaniken bai ce uffan ba sai da ya kwance rawanin famfo ya ajiye min a tafin hannu. Ya samo kan da ya dace, ya kafe tiyon da maɗauri nesa da batir da wayoyi. Sannan ya aiki yaronsa ya sayo baƙin tiyo, ya tsaga shi a tsaye, ya sa wa kitson nawa riga daga kai har ƙafa don kada ya sake cizon kowa.

Na ce, "Oga, yanzu ai ba wanda zai ga walƙiyar."

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, amaryar taka mafaɗaciya ce. Gara ta zauna cikin lulluɓi."