Mun Yanke wa Littafin Hukunci Tun Yana Cikin Leda

Mu dai a yankin nan namu, daga Anka ka ratsa Bukkuyum har ka sauka Gummi, Allah ya hore mana wata baiwa: muna sanin abin da ke cikin littafi ba mu buɗe shi ba. Balle a ce a kan shari'o'in nan ne na farkon zamanin Yarima. Ka ce a majalisa bayan isha'i wani ya yi littafi a kan hannun Buba Jangebe, kafin mai shayi ya gama haɗa maka kofi an zauna kotu har an tashi.

"Wa ar rubuta shi?" Ita ce tambayar farko. "Ɗan ina na?" ta biyu. Ta ukun ce mai gama magana: "Wa ab ba shi kuɗɗi?" In Bature ne, ɓata addini ya zo yi. In ɗan Kudu ne, to daman me ake jira. In namu ne ɗan boko, an saye shi. In kuwa malami ne ya rubuta yana yabon abin, sai 'yan bokon da ke ƙarshen benci su ce kujerar Hajji yake nema. Marubucin da zai fita majalisarmu da rigarsa ba a haife shi ba tukuna.

Ba wai zargin namu ba shi da tushe ba ne. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gusau ta cika ta batse, Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a, doka ta fara aiki a Janairun 2000. A Maris aka yanke hannun Jangebe kan satar saniya, a 2001 aka yanke na wani mutumin Gummi kan satar kekuna. Daga nan duniya ta san sunan Zamfara, amma ba yadda muke so ba. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa, har Rum aka kai ta a 2002 aka ba ta shaidar zama 'yar birni. A 2003 littafin rayuwarta ya fito, ita da ɗan jaridar Italiya Raffaele Masto, cikin harshen da ko mutum ɗaya a ƙauyensu ba ya ji. Wanda ya ga haka ya ɗaure fuska, ban ga laifinsa ba. Ita ma Hauwa Ibrahim, lauyar da ta shiga waɗannan shari'o'i, ranar da Turai ta ba ta lambar Sakharov a 2005 ranar muka gama karanta duk abin da za ta rubuta nan gaba.

Sai dai akwai abin dariya a nan, kuma mu yake wa dariyar. A 2007 Philip Ostien na Jami'ar Jos ya tattara takardun shari'ar nan cikin juzu'i biyar, na biyar ɗin kacokan a kan Safiya da Amina Lawal, wadda ita ma aka yanke wa jifa, da abin da alƙalai da lauyoyi suka faɗa baki da baki. Da Hausa aka yi zaman kotunan, sai da aka juya su Turanci. Ba mu nemi na Hausar ba, na Turancin kuma mun ce na kafirai ne. Da mai ɗaga murya a majalisa cewa Amurka ce ta sa aka saki matan nan zai daure ya buɗe, da littattafan zauren malaminsa zai tarar a ciki. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sallami Safiya a Maris 2002, cikin dalilanta har da cewa lokacin da ake zargin an yi abin dokar ba ta fara aiki ba. Ta Katsina ta sallami Amina a Satumba 2003, inda lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri suka tsaya kan cewa mai iƙirari yana da ikon janye iƙirarinsa, kuma a Malikiyya ciki kan kwanta har shekara biyar, don haka jaririyar tana iya zama ta tsohon miji. Kwantaccen ciki fa! Wace tsohuwa ce a Bukkuyum za a koya wa wannan? Shi ma ɗan bokon ƙarshen benci, mai ganin shari'a wuƙa ce kawai, da ya karanta da ya rage tsaki. Littafin Sarah Eltantawi na 2017 a kan shari'ar Amina bai ma samu zagi a wurinmu ba, don labarinsa bai ƙaraso ba.

A 2010 ƙungiyar Shehu Sani ta buɗe muhawara a Facebook kan cikar shekara goma da yanke hannun Jangebe, wata kotun shari'a a Kaduna ta hana. Mu a shekarar ba mu da bakin wannan gardama: gubar dalma na ɗauke mana yara a Dareta da 'Yargalma da Abare, fiye da 400. Likitocin da suka zo daga ƙetare, ban ji wanda ya tsayar da su a bakin gari yana tambayar ɗan ina ne ba.

Shari'ar mutumin Gummi kuwa a baki muka ajiye ta. Wani ya ce da kansa ya amsa laifi, wani ya ce tsoro ne, wani ya ce ai ƙanen matarsa ne ya riƙe keken a gaban alƙali. Kowa kuma rantsuwa yake da idonsa ya gani. In ka ƙirga waɗanda suka ce suna cikin kotun ran nan, filin idi ba zai ɗauke su ba.