Ka Ce Bulala Ce Ta Koya Maka Karatu?

Zo nan, sarkin gardama, ja kujera. An ce ka bi ta bayan tagar wani aji ka ji hayaniya, ka leƙa ka tarar da yara zazzaune a ƙasa rukuni-rukuni, wasu na ƙirga tsinken tsintsiya, wasu na rubutu da alli a kan siminti, malama na zagayawa tsakaninsu. Sai ka tafa hannu ka ce ilimi ya mutu. Subhanallahi! Yaushe aka yi jana'izar ba a gaya mana ba?

Ka ce a zamaninku aji tsit yake, ko ƙuda ya gifta sai an ji? Haka ne. Malam ya juya baya ya cika allo, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Ku kuwa ku haɗa baki: "Eeee!" Kai da ke bencin baya har ka fi kowa ɗaga murya. Tsakaninka da Allah, me ka gane? Yaran nan uku na gaba su suka gane, ku sauran 'yan amshi ne.

Ka ce ai bulala ce ta gyara ku? Haba malam! Da duka na koyar da karatu, da tuni jaki ya zama farfesa. Abin da bulala ta ƙware a kai shi ne koya wa yaro ɓoye rashin saninsa: ya sunkuyar da kai, ya laɓe bayan ƙeyar na gabansa, ya yi ta addu'a kada ido ya faɗo kansa. Kuma in kana lissafin waɗanda ta gyara, ka riƙa haɗawa da waɗanda ta kora. Ina abokin zamanka na aji uku, wanda ya fita shan ruwa har yau bai dawo ba?

Bari in gaya maka abin da malamar take yi, tunda leƙe ka yi ba tambaya ba. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa kowa takarda. Wani bai san baƙi ko ɗaya ba. Wani ya san baƙaƙe amma haɗa su ya gagara. Wani yana karanta kalma, wani ɗan sakin layi, wani kuwa labari sukutum. Sai ta raba su bisa inda kowa ya tsaya, ta ware musu wani lokaci a kullum. Masu baƙaƙe na wasa da katin gaɓoɓi, su ɗora "ba" kusa da "ƙi" su ga baƙi ya fito, su sauya wuri su ga ƙiba, su fashe da dariya. Masu lissafi na ɗaure tsinke goma-goma da kyauro. Aka ce a cire bakwai daga talatin da biyu, sai yaro ya ga tsinke biyun da ke warwatse ba za su isa ba, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Wannan shi ne "aron ɗaya" da ka haddace shekara da shekaru ba ka taɓa tambayar wa ake ara wa ba. Bayan 'yan makonni ta sake gwada su, wanda ya motsa ya haye rukuni na gaba. Ka ga yaro na roƙon a gwada shi, abin da ba ka taɓa yi ba a rayuwarka.

Ka ce cin fuska ne a zaunar da ɗan aji shida tare da ɗan aji huɗu? To wanne ya fi: ya zauna da ƙaninsa wata biyu ya iya karatu, ko ya fito da satifiket mai hatimi ya kai wa ƙanin nasa ya karanta masa?

Na san inda za ka ɓullo. Ka ce tsarin Turawa ne, an zo a lalata mana tarbiyya. Sannu, masanin tarihi. Daga Indiya ya fito, wata ƙungiya mai suna Pratham ce ta ƙirƙiro shi, ana kiransa koyarwa daidai da matakin yaro. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun daɗe suna gwada shi a makarantun can kafin ya bazu. An gwada shi a Borno, an kuma kai shi ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Amma ma me ya kai mu Indiya? Leƙa makarantar allon da ke ƙofar gidanku. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefe ya kusa sauka, kowa da allonsa, kuma ba a wanke wa yaro sai ya biya. Hayaniya kuwa, sai ka toshe kunne. A can ka ce albarka, a nan ka ce lalacewa. Wane irin kunne gare ka?

Ka ce yara ɗari a aji guda, malama ɗaya, albashi bai kai ƙarshen wata ba? Yauwa, yau dai ka taɓa gaskiya, har na ji kamar in tafa maka. Wannan sai gwamnati, dabarar malami ba ta gina aji. Sai dai fa yara ɗarin nan ba kai ɗaya gare su ba, kuma darasi ɗaya da za a jefa musu daga gaban allo na 'yan bencin gaba ne kawai. Tsinken tsintsiya kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Sai kuma ka ce to manhaja fa, yaushe za a gama ta? Ai kullum ana gama ta, ranka ya daɗe. Malam ya gama, ya sa hannu, hedimasta ya buga hatimi. Yaran ne dai ba a gaya musu an fara ba.

Har yanzu kana girgiza kai? To mu yi ta ta ƙare. Yau bayan isha'i kira ɗanka na aji biyar, miƙa masa littafin Hausa na aji biyu, buɗe shafin da bai taɓa haddacewa ba. In ya zarce tiryan-tiryan, shayinka na gobe da ƙwai biyu a wuyana. In kuwa ya tsaya yana kallon silin, kada hannunka ya nufi bayan ƙofa, na san abin da ka rataye a wurin.