Jama'ar da Hayaƙin Awaza Ke Tarawa

Duk mutumin da Allah ya jarrabe shi da sha'awar gasa awazar ragonsa da hannunsa, har abin ya kai shi ga sayen tsohon duro mai cin lita 200, ya kai wa mai walda aka tsaga shi a kwance, aka sa masa murfi da ƙafafu da raga, aka liƙa masa ɗan akwatin wuta a gefe guda da bututun hayaƙi a ɗaya gefen, to, ya kwana da sanin cewa ba nama kaɗai zai tara a gindin wannan duro ba. Tsire aikin ɗan lokaci ne, kafin labari ya kai bakin layi an cinye an wanke hannu. Amma awazar da aka nufa ta nuna da hayaƙi da sanyin wuta, tun daga hantsin washegarin Babbar Salla har bayan la'asar, sai ƙashi ya riƙa rabuwa da tsoka ba da gardama ba, ita kam ba ta ɓoyuwa, domin hayaƙinta ke yin shela, kuma kowa ya amsa kiran yana da yini guda cur na nuna halinsa.

Shugabansu, wanda ya cancanci a fara da shi ko don furfurarsa, shi ne Muftin Murhu. Yakan iso da wuri cikin babbar riga mai sitaci wadda ba ta taɓa sanin warin hayaƙi ba, yaro na biye da shi da kujera, kuma kafin ya gama amsa gaisuwar barka da salla ya riga ya kewaye duron, hannuwa a baya, yana kaɗa kai irin na wanda ya zo ta'aziyya. Sa'an nan ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?" Ko wane suna ka ambata, amsar ɗaya ce: "Ayya." Bututun ya yi gajere, da ya yi tsawo, da tsawon ne aibinsa. In ya ga ka tanadi ƙirya, sai ya ce ƙirya ta maƙera ce, wutarta ta narka ƙarfe ce, marke shi ne asali. In marke ya tarar, sai ya tuna cewa magabata tsamiya suka sani. Mas'ala biyu kaɗai na taɓa jin ya yarda an yi ijma'i a kansu, wato hayaƙin darbejiya yana sa nama ɗaci, kuka kuma ba itacen wuta ba ce, kuma ko a nan ɗin ma yakan yi shiru na ɗan lokaci, alama yana laluben wani ƙauli mai rauni da zai saɓa wa jama'a da shi.

Ba ya magana ba isnadi. Kowace fatawa tasa ya karɓo ta daga kawunsa, shi kuma daga wani maƙwabcin Sarkin Fawa, a wani gari da sunansa ke sauyawa kowace shekara. In ka barbaɗa yaji tun da fari, zai ce ƙuli-ƙulin da ke ciki zai ƙone, kuma abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa; in ka jinkirta, zai ce citta da kanumfari da masoro ba su samu sun ratsa ba. Fiƙihun layya kuwa ya san shi ba laifi: zai tuna maka, bisa abin da ke cikin Risala, cewa ba a sayar da komai na layya ko da fata ce, ya ƙara da cewa ba a biyan mahauci ladansa daga namanta. Sai dai daga wannan sahihin karatu yakan yi wani tsalle na ƙiyasi wanda babu malamin da ya riga shi, ya ce tun da yake haƙarƙarin rago 13 ne a kowane gefe, adadin kuwa wutiri ne ba ya rabuwa daidai, to, ladabi ya hukunta a fitar da guda a ba mafi tsufa a majalisi don a kauce wa husuma. Ka ce masa, "Baba, don Allah miƙo mini wancan icen," sai ciwon baya ya taso masa nan take. In nama ya yi kyau, ya share maiƙo a gemu ya ce, "Ka ga amfanin shawara." In ya bushe, ya ce, "Ai na faɗa," alhali cikin abin da ya faɗa tun safe babu abin da bai faɗa ba, har da kishiyarsa. Da haka ɗin, shekarar da ya tafi aikin Hajji gashin bai yi armashi ba, domin an rasa wanda za a yi wa musu.

Mai Buɗe Murfi ba shi da magana sai "Bari dai in gani," kuma duk ganin da ya yi, zafin da aka daɗe ana tarawa ya tsere, an ƙara wa jama'a jira. Mai Ɗanɗanon Gishiri ya naɗa kansa muhtasibi, yana yankar gefe-gefe don maslahar al'umma, har awaza ta rame a kan raga. Akwai mai cewa wucewa kawai yake yi, wanda baƙar leda ke leƙowa daga aljihunsa. Akwai kuma wanda likita ya hana wa jan nama da gishiri saboda hawan jini, wanda zai yi ta rantsuwa shi kallo ya kawo shi, sa'an nan ya roƙi "ɗan wajen nan da ya ƙone," ya bi shi da guringuntsi, ya bi guringuntsi da kitse, ya rufe da ƙwayar magani yana cewa lalura takan halatta abin da aka hana.

Na dabam a cikinsu shi ne wanda ma'aikatarsu ta taɓa tura shi kwas Amurka, ya komo da ma'aunin zafi mai tsinke a cikin jaka da kuma yaƙinin cewa mu nan ƙona nama muke yi. Shi ba jahili ba ne, kuma wannan ne ya sa zama da shi ke da wuya. Zai bayyana maka cewa a Teksas haƙarƙarin sa suke yi wa wannan aiki, wuta na gefe nama na gefe, zafi bai wuce kimanin digiri 110 ba, har awa shida ko fiye. Cewa hayaƙin kirki siriri ne mai shuɗi-shuɗi, farin nan mai kauri kuwa ɗaci yake bari. Cewa in nama ya yi nisa sukan naɗe shi a takarda don kada ya bushe. A nan Mufti kan gyara zama ya tambaye shi, cikin ladabi mai tsini, "Yallaɓai, su masu balangu da suke naɗe nama a takarda tun kana goye, su ma Teksas ɗin suka je? Masu bandar kifi a Baga fa, wa ya ba su ma'auni?" Munazarar takan yi daɗi har zuwa sa'ad da Yallaɓai zai yi subul da baka ya ambaci dabbar da ake gasa haƙarƙarinta a Memfis, sai Mufti ya yi ta'awwuzi ya ja kujerarsa baya, a tashi ba wanda ya ci. Baƙon da ya zo daga Yamai kuwa ba ya shiga wannan gardama; ya saba ganin raguna sukutum an baje su a kan sanduna an jera kewaye da wuta a bakin titi, saboda haka duronka tausayi kawai yake ba shi.

Uwargida ba ta fitowa. Ita da mataimakanta sun riga sun soye sauran ragon tun kafin azahar, sun cika robobi, sun aika wa dangi, sai dai lokaci-lokaci takan turo yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, wai in ji Umma, awazar ta wannan sallar ce ko ta baɗi?" Akwai kuma shi maigidan, wanda ba ya barin baƙo ya zauna sai ya karanta masa tarihin duron tun daga ranar da yake ɗauke da man gyaɗa, ya nuna masa kowane ɗinkin walda, yana kiran wannan duka tawali'u. Ba zan tsawaita a kansa ba, domin mutum ne mai iyali, kuma yakan yi rubutu a mujalla.

Duk waɗannan na yafe musu duniya da lahira. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Kananzir. Shi ne wanda zai faki idon maigida ya tafi masallaci, ya leƙa akwatin wuta ya ga garwashi ya kwanta, wato daidai yadda ake so, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa wuta ta mutu. Ya tattaro leda da tsohon silifa ya cusa, ya kwarara kananzir, wani ma fetur, alhali yara na tsugune a gindin duron suna jiran rabonsu. Wuta ta yi tsalle ta kama kitse, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, naman da aka yi watanni ana kiwon ragonsa, aka yanka shi don neman yardar Allah, aka sa ran maƙwabta da almajirai za su ɗanɗana, ya koma yana warin gareji, warin da yaji ba ya rufewa, wanki ba ya fitarwa. Ka dawo ka tarar da shi yana fifita da fara'a yana jiran godiya, in ka yi magana ya ce, "Haba Malam, ai wuta tana cinye komai." Irinsa ne kuma zai ba sabon shiga shawarar ya sayi duron da aka zuba maganin ƙwari ko fenti a ciki don ya fi araha, wai ɗauraya ɗaya ta isa. Wannan ba wauta ba ce da za a yi wa dariya, ganganci ne da lafiyar mutane, kuma sau da yawa babba ne da gemunsa, ba yaro ba.

Mai karatu, in kana da irinsa a unguwarku, kada ka yanke zumunci, amma ka auna masa kasonsa ɗanye tun da safe, ka aika masa har gida, sa'an nan ka sa yaro mai ƙarfi a bakin zaure.