Yadda ake arahar jirgin sama daga Kwanar Ɗangora

Alhaji, tunda Allah ya buɗa har masu sayen masararka a Legas sun ce ka zo a zauna ido da ido, kuma gwiwa ta daina ɗaukar kwana biyu a gaban tirela, maganar jirgin sama ta taso ke nan. 'Yan boko suna da wata dabara. Suka ce kada ka liƙe wa filin jirgi ɗaya, ka leƙa na kusa da kai, wataƙila tikitinsa ya fi sauƙi. Dabarar ta dace da mutumin Landan, wanda garinsa ke da filaye har 6. Mu a Ɗansoshiya an yi mana adalci: babu filin da ke kusa da mu, saboda haka duka namu ne.

Ka fara da tsayuwa a Kwanar Ɗangora, inda hanya ta rabu. Arewa Kano ce, garin da jirgi ya fara sauka tun 1925, ga filin Malam Aminu Kano. Wannan ka manta da shi tukuna, ai kowa ma ya san shi, kuma abin da kowa ya sani ba ya sa a kira mutum mai wayo. Idan ka miƙe ta Zariya, Kaduna ce. Idan ka karya ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka wuce Doguwa da Saminaka, Jos ce. Jiragen da za ka ga suna shawagi a saman Zariya kuwa kada ka ɗaga musu hannu. Na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne da aka kafa a 1964, ɗalibai ne a ciki, ba sa lodi, kuma ko sun yi ba na ba ka shawara.

Mutumin Riruwai zai rantse maka Jos ta fi masa kusa da Kano, kuma taswira tana bayansa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne filin Yakubu Gowon ba a cikin Jos yake ba. A Heipang yake, sai ka keta garin gaba ɗaya ka kama hanyar Barikin Ladi. Jiragen da ke tashi daga can kuma ba su da yawa, idan naka ya ƙi zuwa sai ka nemi bargo, don sanyin Jos ba ya duba girman rawani. Kuma ka tsara tafiyar yadda za ka ƙetare Falgore da rana tsaka. Direbobin hanyar sun fi son haka, ba sai ka tambaye su dalili ba.

Kaduna tana da tarihi a wannan harka. A 2017, da aka rufe filin Abuja na mako 6 don gyaran titin saukar jirgi, can aka karkatar da kowa, ministoci ma da ita suka yi. Idan wani ya raina ka a majalisa, ka tuna masa da wannan.

Yanzu ga sirrin. Kamfanin jirgi ba ya sayar da kujerunsa a farashi ɗaya. Yana ware kaɗan masu sauƙi, suna ƙarewa sai ya buɗe na sama da su, haka har ranar tashi. Shi ya sa wanda ya saya tun da wuri yake zama kafaɗa da kafaɗa da wanda ya biya ninki. Gab da Sallah da ƙarshen Disamba kuwa ba a magana. Inda kamfanoni da yawa ke gogayya, kamar layin Kano zuwa Legas, farashi yakan ji kunya, inda jirgi ɗaya ne tilo kuwa ba ya jin ta. Saboda haka sau da yawa Kano ce za ta fi araha. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ka ci gaba da dangwala waya a gindin bishiyar da sabis ke kamawa, har ranar da za ka ga na Kaduna ya gaza na Kano da, a ce, naira dubu 15. Nan take ka saya, kafin hankali ya dawo.

Daga nan sai lissafi, kuma gwanin lissafi shi ne wanda ya san abin da ba a rubutawa. Man motarka daga Ɗansoshiya zuwa Kaduna ba kuɗin jirgi ba ne, kuɗin mota ne, ka sa shi a wani shafin. Kwana a masauki don jirgin na sassafe ne, wannan hutu ne, likita ma ya ce ka riƙa yi. Balangu da shayin hanya ai ko a gida za ka ci abinci. Ɗan abin da ka miƙa wa ɗan'uwan da ya raka ka zumunci ne, lada ake nema. Ka ga dubu 15 ɗinka na nan daram, ba abin da ya taɓa ta.

Ejan ɗin da ya turo maka tikiti ta WhatsApp a rabin kuɗi, yana kiranka “ranka ya daɗe” a kowane layi, ka karɓi lambar nan mai harafi da adadi 6, ka sa yaronka ya duba ta a shafin kamfanin jirgin kafin ka tura ko sisi. A nan kam ba raha nake ba.

Tsaraba ma a yi hattara. Rabin buhun shinkafar Tudun Wada da kake son kai wa mai gidan saukarka, a tasha ɗan kamasho zai ce “kawo na kaya” ku daidaita da murmushi. A filin jirgi sikeli ne zai yi magana, kowane kilo da ya haura yana da kuɗinsa, kuma yarinyar da ke bayan kanta ba ta san kai ne sarkin noma ba. Ka ɗebi mudu biyu na samfuri, sauran su bi tirela.

Idan tafiyar ta faɗo cikin hunturu, ka ƙara da addu'a. Hazo ba ya bin iyakar jiha, ranar da ya rufe Kano yana iya rufe Kaduna. Za a ce an ɗan jinkirta, a sake cewa an ɗan jinkirta, da la'asar a ce an soke. Wanda ya tashi daga Kano zai kwana gidan ƙanwarsa a Kurna. Kai kuwa ka samu damar sanin Kaduna.

Saura dawowa. Tabbas za ka tarar tikitin Legas zuwa Kano ya fi sauƙi a ranar, kuma mai wayo ba ya barin araha ta wuce shi. Ka saya, ka sauka Kano lafiya. Sai a bakin ƙofar fita za ka tuna motarka da direbanka suna Kaduna tun jiya suna jira. Ka kira shi ka ce ya taho a hankali ku haɗu a Kwanar Ɗangora, ka tura masa na mai, sannan ka nemi a-daidaita-sahu zuwa tashar Unguwa Uku. Kuɗin man ka rubuta shi a shafin direba.