Ire-iren Ɗalibai a Gaban Lissafin Farashi a Kuseri

A Kuseri, garin da kogin Logon ya raba da Njamena, da wuya a sami yaron da bai iya ƙirga canji ba tun kafin ya iya rubuta sunansa, amma duk da haka tambayar farashi a darasin aljabara, wato lissafin da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba, takan rarraba masu shirin jarrabawar BEPC gida-gida. A ɗauka an ce mutum ya sayi kofin sukari 3 da sabulu 2 a kan sefa 1,900, kuma sabulu ya fi kofin sukari da sefa 200. Idan aka kira kuɗin sukari x, sai 5x da 400 su tashi 1,900, sukari ya kama 300, sabulu 500.

Wanda ya fi ba malami ciwon kai shi ne ɗan mai tebur, domin kafin a gama rubuta tambayar a allo ya riga ya san amsa, sai dai da dala yake tunani, wadda ita ce sefa 5, abin da Larabawan Shuwa ke kira riyal. Sai ya rubuta 60 da 100, ya kife takarda, ya shiga fifita da littafi. In aka nemi ya nuna hanyar da ya bi, sai ya ce ai a fili take, in kuma aka ba shi sifiri, sai ya tafi gida da yaƙinin cewa malamin nan ko kwana ɗaya ba zai iya tsaron shago ba, kuma a kan wannan batu dai gaskiyarsa ce.

Kusa da shi akwai maciniki, wanda bai yarda da tambayar ba tun daga tushe. A ganinsa an cuci mai sayen, tunda duk wanda ya ɗauki kaya har biyar ya cancanci ragi, ko aƙalla gyara, sannan yana so a faɗa masa ko farashin wannan gefen gadar Ngeli ne ko na wancan, ko kuma da naira aka sari kayan. Lokaci yakan ƙare yana tayawa, takarda kuwa ba ta cewa albarka.

Sai bawan ƙa'ida, mai tsabtar rubutu da biro kala biyu, wanda kan ƙetarar da adadi zuwa ɗaya gefen alamar daidai ya manta bai juya alamarsa ba, har wata rana ya samo farashin da ke ƙasa da sifiri, ma'ana mai shago ne zai biya mai saye ladan ɗauke masa sukari. Wannan bai taɓa damunsa ba. Rula yake ɗaukowa ya ja wa amsar layi biyu.

Wanda Faransancin tambayar ya kayar ba a cika jin muryarsa ba, ko da yake da an karanta masa ita da Hausa ko Fulatanci da ya warware ta a tsaye. Shi kuwa mai leƙe, ba ya zaɓen maƙwabci da hikima, don haka sau da yawa bawan ƙa'ida yake kwafa, har da layukan biyu.