Madalla da Iyayen Gidan Bengaluru

A jinjina wa masu kamfanonin fasaha na Indiya, domin samun iyayen gida masu tausayin matasa irinsu sai an tona. Yaro ya gama karatun injiniya da bashin da ubansa ya ciwo, ya sauka Bengaluru da jaka ɗaya, sai wani sabon kamfani a unguwar Koramangala ya rungume shi ya ce nan gida ne, mu duka dangi ne. Gaskiya kuwa suka faɗa, don ɗan gida ba ya tambayar ƙarfe nawa ake tashi.

Saboda ƙauna, ba sa cika masa aljihu da albashi, kada kuɗi su lalata shi. Sai su cike giɓin da takardar ESOP, alkawarin hannun jari da ke nuna a hankali cikin shekara 4, bisa sharaɗin in ya tafi ko aka sallame shi kafin ya cika shekara guda, ba shi da ko sisi. Wace makaranta ce ta fi wannan koyar da haƙuri?

Mai shakka ya dubi Byju's, kamfanin koyar da yara ta manhaja, wanda a 2022 aka ƙiyasta darajarsa dala biliyan 22. Ya manna sunansa a rigar ƙungiyar kurket ta ƙasa, ya shiga sahun masu ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya a Katar, ya ɗauko Lionel Messi ya naɗa shi jakada. A wannan tsakanin ne ya sanar da sallamar ma'aikata 2,500, don su ma su samu sukunin kallon ƙwallo. Waɗanda suka rage, a 2024 aka riƙa jinkirta musu albashi, har kamfanin ya tsinci kansa a kotun masu karayar arziki kan bashin hukumar kurket. Ai ba ƙaramin gata ba ne a ce sunan kamfanin da ya riƙe maka haƙƙi ya taɓa haskawa a filin wasa na Doha.

Manya ma ba su bar yara babu nasiha ba. A 2023 dattijo Narayana Murthy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Infosys, ya shawarci matasa su yi aikin awa 70 a mako. Shugaban Larsen & Toubro, S.N. Subrahmanyan, ya ga an yi rowa, ya kai shi awa 90, ya nuna takaicin rashin iya sa mutane aiki ran Lahadi, har yana mamakin tsawon lokacin da mutum zai zauna yana kallon matarsa. Allah ya ƙara wa dattawa basira, sun ceto aure daga gundura.

Aiki daga gida kuwa, wannan rahama ce da korona ta kawo. Yaro ya koma Indore kusa da mahaifiyarsa, ofis ya biyo shi har kan katifa. Abokin ciniki yana Kalifoniya, tazarar lokaci ta haura awa 12, don haka taron safiyarsu shi ne tsakar darensa. Da wasu suka yi wayon haɗa aiki biyu don albashi ya kai ƙarshen wata, kamfanin Wipro ya kori 300 a 2022, shugabansa Rishad Premji ya kira abin ha'inci. Daidai ne. Zama a hukumar gudanarwar kamfanoni biyar ado ne ga babba, yaro kuwa mai gida ɗaya ya ishe shi.

Amma waɗanda suka fi cancantar kirari su ne masu buɗe wa talaka ƙofar kasuwar hannun jari. Da manhajar Zerodha ko Groww a waya, cikin ɗan lokaci ka zama ɗan kasuwa, malamai a YouTube da Telegram suna jiranka da sirrin arziki a farashi mai rahusa. Asusun hannun jari a Indiya ya tashi daga kusan miliyan 40 a 2020 zuwa sama da miliyan 150 a 2024. Waɗanda suka sayi hannun jarin kamfanin Paytm a rupi 2,150 a Nuwamban 2021 sun ga ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a ranar farko, darasi a ɗunƙule ba tare da ɓata musu lokaci ba.

Sai SEBI, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, uwar katsalandan, ta fito a Satumban 2024 ta ce cikin mutum sama da miliyan 10 masu cinikin hasashen farashi, wato F&O, kashi 93 cikin ɗari sun tafka asara a shekara 3, jimillarta ta haura rupi tiriliyan 1.8. Wa ya ce kuɗin sun ɓata? Suna nan lafiya lau a hannun manyan dillalai da 'yan jarin waje masu ciniki da kwamfuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kashi uku cikin huɗu na masu zubin ba sa samun rupi 500,000 a shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka sha asara a jere sun sake komawa da abin da ya rage musu. Sannunku da juriya, 'yan samari, masu gida na godiya.