Zuwa Ga Mai Girma Maɓallin "Na Amince"

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga hakimi, mai wannan takarda kuka ya kawo. Daren jiya aka kawo wuta, abin da ba kullum ba, ya kunna na'urar gem ɗin da ya saya gwanjo da kuɗin guminsa, sai ta shaida masa an haramta mata shiga intanet har abada. Da safe mai gyara ya duba, ya ce mai ita na farko ne ya taɓa mata ciki. Mai laifi ya ci kuɗinsa ya yi gaba, akwati aka ɗaure.

Da ya nemi bahasi, kai aka nuna masa. Wai ya danna ka. Ya danna kuwa, kamar kowa, ba tare da ya karanta shafukan nan masu rubutu kamar sawun tururuwa ba.

Ba ya musun komai da komai. A Nuwamba 2009 Microsoft ya kori ɗimbin Xbox 360 da aka yi wa kwaskwarima daga Xbox Live. To, zaurensu ne, ɓarawon gem da mai maguɗi a kore su.

Amma PlayStation 3 fa, ranka ya daɗe? Sony ya sayar da ita da damar ɗora mata Linux, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta tayar da ƙatuwar kwamfuta. A Afrilu 2010 aka turo sabuntawa, da kai a gaba kana murmushi: ko mutum ya yafe Linux, ko ya yafe wasa a intanet. Wane irin ciniki ne wannan? An sayar maka da akuya, an karɓi kuɗi, bayan shekara uku wanda ya sayar ya haura katanga ya ce nonon bai shiga lissafi ba! Aka yi shekaru ana shari'a, aka ƙare da sulhun dala miliyan 3.75. Da George Hotz ya buɗe tasa, ya kuma nuna wa duniya hanya, a 2011 kotu aka kai shi da dokar haƙƙin mallaka ta DMCA ta 1998. Shi ne yaron da ya buɗe iPhone a 2007. Tun 2010 Amurka ta halatta buɗe waya, ta na'urar gem kuwa aka ƙi.

Kai dai ba ka da kunya. A Mayu 2025, dab da fitowar Switch 2, Nintendo ya rubuta a bayanka cewa a Amurka yana iya mayar da na'urar mai kwaskwarima ta daina aiki ɗungurungum. Korar mutum daga zaure daban, bin sa gida a fasa masa tukunya daban. Hukumar kare masu saye ta Sao Paulo a Brazil ma sai da ta nemi a gyara wannan sharaɗi.



Roƙo ɗaya ne. In haya ce, a rubuta "haya" ɓaro-ɓaro a jikin kwali, a rage farashi. In sayarwa ce, a miƙo makulli. Rasit yana aljihunsa, kuma "an biya" aka rubuta.

Talakanka,
Wanda ya danna.